Ƙarin Kuɗin Wuta: Wa Ke Yanke Farashi, Me Kuma Ke Kare Mai Biya a Sakkwato?

Tun ranar 3 ga Afrilun 2024, da hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, maganar kuɗin wuta ba ta lafa ba a Sakkwato. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne a ga mutum biyu a gari ɗaya, kowa ya sayi katin dubu biyar, wannan ya sami yunit ashirin da 'yan kai, wancan ya sami ninkinsa uku. Wasu na ɗora laifin a kan kamfanin rarraba wuta, wasu a kan gwamnatin jiha, wasu kuma har gobe NEPA suke kira, alhali an rushe ta tun 2005. Kafin a san wanda za a tuhuma, sai an fahimci yadda ake yanke farashin, da inda doka ta kare mai biya, da inda kariyar ta tsaya a takarda.

Dalilin da ya sa hukuma ke sa baki

Mai sayen albasa, idan wannan ɗan kasuwa ya tsawwala masa, gaba zai yi ya taya ta wani. Wuta ba haka take ba. Waya ɗaya ce ta shigo unguwa, kamfani ɗaya ke da ita, kuma babu mai kafa turaku na biyu kusa da na farko don gasa, domin kuɗin ba za su fita ba. A Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna, kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wutar da ke fitowa daga babban layin ƙasa. Wanda bai gamsu ba, sai dai janareta ko sola ko fitila.

Saboda haka doka ta sa hukuma a tsakani, ta kuma ɗora mata nauyi biyu: ta hana kamfani yanka wa mutane farashin da ya ga dama, ta kuma tabbatar ya sami abin da zai riƙe aikin da shi, har da riba daidai gwargwado. Kusan duk rigimar kuɗin wuta daga nan take tasowa, don abin da ya sauƙaƙa wa ɓangare ɗaya yakan ƙuntata wa ɗayan.

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ce ta haifar da NERC, ta kuma mayar da NEPA zuwa PHCN a matsayin riƙon ƙwarya. A Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, na Kaduna kuwa sai a Disamban 2014. Gwamnati ta riƙe kashi 40 na hannun jarinsu, ta kuma riƙe TCN, kamfanin da ke dakon wuta a manyan layuka. Don haka kuɗin da mai shago ya biya a Gawon Nama ba aljihu ɗaya suke shiga ba. Akwai rabon mai sayar da iskar gas, da na tashar da ta samar da wutar, da na TCN, sannan na kamfanin da ya karɓa.

Yadda ake lissafin farashi

Yunit ɗaya shi ne wutar da ƙwai goma masu ƙarfin wat ɗari-ɗari za su sha a awa ɗaya. Farashinsa ana fitar da shi ne ta wani tsarin lissafi da ake kira MYTO, wanda aka fara aiki da shi a 2008. Hukuma takan haɗa kuɗin samar da wuta, da dakonta, da rarraba ta, da albashi da gyare-gyare da ribar jari, sannan ta raba a kan yawan wutar da ake sa ran sayarwa. Bayan haka akan riƙa duba abubuwa huɗu da ba su hannun kamfani: hauhawar farashin kaya, canjin dala, kuɗin gas, da yawan wutar da tashoshi ke samarwa.

Dala ta shigo ne saboda mafi yawan wutar Najeriya da gas ake samar da ita, shi kuma gas ɗin da dala ake yi masa kuɗi ko da a nan aka haƙo shi. Haka injuna da kayan gyara. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin gas na tashoshin wuta kuma ya tashi daga dala 2.18 zuwa 2.42 a kan ma'auninsa. Wannan ne asalin tsallen da farashi ya yi. Shi ne kuma ya sa aka ga ya sauko zuwa naira 206.80 a watan Mayun 2024 da naira ta ɗan farfaɗo, ya sake hawa 209.50 a watan Yuli.

Akwai wani sashe na lissafin da ba a cika maganarsa ba, alhali a nan kariyar mai biya ta fi nauyi, wato asara. Ba duk wutar da kamfani ya karɓa ke komawa kuɗi ba. Wata tana lalacewa a tsofaffin wayoyi da taransifomomin da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Wata sace ta ake yi ta hanyar zagaye mita ko jona waya da dare. Wata kuma an sha, an kai bil, ba a biya ba, kuma cikin masu taurin bashin har da ma'aikatun gwamnati. Hukuma takan ƙayyade wani kaso na wannan asara ta ce shi kaɗai za a zuba cikin farashi, abin da ya haura kamfani ya ɗauka. Idan kason da aka yarda da shi ya yi yawa, mai biya da gaskiya shi ke biya wa ɓarawo. Idan ya yi ƙasa da abin da kamfani zai iya cimmawa, sai kamfanin ya kasa biyan waɗanda suka ba shi wuta. Lambar da aka rubuta a wannan gurbi ta fi tasiri a aljihun mutane a kan yawancin abin da ake faɗa a taron manema labarai.

Daga ƙarshe lissafin kan fitar da farashi biyu: wanda zai mayar da kuɗin da aka kashe, da wanda gwamnati ta yarda a karɓa daga jama'a. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce tallafi. A farkon 2024 an ƙiyasta cewa idan ba a taɓa farashi ba, tallafin shekarar zai kai kimanin naira tiriliyan 2.9.

Rukunin A zuwa E

Tun 2020 aka raba masu amfani da wuta gida biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana. Rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Ba mutum ake sa wa rukuni ba, layin da ke ba unguwarsa wuta ake sa wa. Ƙarin 2024 ya tsaya a kan rukunin A, wanda hukuma ta ce kimanin kashi 15 ne na masu amfani da wuta, sauran aka bar su a tsohon farashi gwamnati na cike gibin. Akwai kuma wani ƙaramin rukuni na masu ƙaramin ƙarfi da ba sa wuce yunit 50 a wata, waɗanda aka daɗe da tsayar musu da naira 4.

An haɗa ƙarin da sharuɗɗa. Idan kamfani ya kasa cika awa 20 kwana biyu a jere, sai ya fito ya yi wa jama'a bayani. Idan ya kai kwana bakwai a jere, layin ya sauka daga rukunin A. A watan da aka yi ƙarin ma hukuma ta ci tarar kamfanin rarraba wuta na Abuja naira miliyan 200 saboda ya caji waɗanda ba rukunin A ba da sabon farashi.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Hujjar gwamnati da hukuma ita ce tallafin ya fi ƙarfin baitulmali, kuma mai shan wuta da yawa shi ya fi cin moriyarsa. Mai na'urar sanyaya ɗaki huɗu ya fi mai fanka ɗaya amfana, ƙauyen da ko turke ba a kafa masa ba kuwa bai sami komai ba. Wannan gaskiya ne a lissafi. Rauninta shi ne layin wuta bai san mai kuɗi da talaka ba. Tela ko mai gadi da ke haya a unguwar da layinta ya faɗa rukunin A, farashi ɗaya yake biya da maigidan da ke da bene, kuma ba shi da ikon cewa a sauke shi.

Kamfanonin samar da wuta da na rarrabawa suna cewa ba wanda zai zuba jari a harkar da ake sayar da kaya ƙasa da yadda aka saro shi. A 2025 masu tashoshin wuta sun ce suna bin bashin da ya kai kimanin naira tiriliyan 4, galibinsa tallafin da gwamnati ta yi alkawari ba ta biya ba. Idan ba a biya su ba, su ma ba su biyan masu gas, gas ya ragu, wuta ta ragu. Sai dai masu sukar su suna da tambayar da har yau ba ta sami gamsasshiyar amsa ba: an yi ƙari a 2016, an yi a 2020, an yi a 2024, amma wutar da ake rabawa ƙasar gaba ɗaya tana nan tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000.

Ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, sun tare ƙofofin ofisoshin hukumar da na kamfanoni a watan Mayun 2024 suna neman a janye ƙarin. Sun ce ya zo ne a kan cire tallafin fetur da tsadar abinci, kuma ba a tuntuɓi jama'a yadda doka ta tanada ba. Batun tuntuɓa ba ƙaramin abu ba ne, don a 2016 wata babbar kotun tarayya a Legas ta soke ƙarin wannan shekarar bisa rashin bin ƙa'ida. Ƙungiyar masu masana'antu ita ma ta garzaya kotu, jami'o'i da asibitocin koyarwa suka koka cewa bil ɗinsu ya ninka. Inda wannan ɓangare bai cika yin bayani ba shi ne wa zai biya gibin idan an daskarar da farashi. Kuɗin ba ɓacewa suke yi ba. Ko dai su fito daga kasafin da ya kamata ya tafi asibiti da makaranta, ko su zama bashi, bashin kuma ya dawo wa mutane a matsayin ɗaukewar wuta.

Akwai wata illa da tsarin rukuni ya zo da ita wadda ɓangarorin ba su cika tsayawa a kanta ba. Kamfanin da wutar hannunsa ba ta isa kowa ba, kuma yunit ɗaya na kawo masa ninki uku a wannan layi fiye da wancan, ba sai an faɗa masa inda zai karkata ta ba. Shi ya sa ƙorafin mazauna ƙananan rukunai ya zama cewa an bar musu tsohon farashi amma an rage musu awanni. Hana wannan yana buƙatar hukuma ta sa ido a kan rukunin C da D da E kamar yadda take sa wa A.

Inda lamarin Sakkwato ya bambanta

Sakkwato a ƙarshen layi take. Babbar hanyar wutarta daga Kainji ta taso zuwa Birnin Kebbi, daga can ta ƙaraso a layin da bai kai wancan ƙarfi ba. Matsala ɗaya a hanya ta isa ta kashe gari, kamar yadda aka gani a watan Satumban 2023 da gobara ta tashi a tashar TCN ta Birnin Kebbi. Tashar wuta mai megawat 38 da gwamnatin jiha ta fara a 2008 don rage wannan dogaro ta shafe fiye da shekara goma ba ta haska gari ba. Ma'ana, cika alkawarin awanni a nan bai rataya a wuyan kamfanin rarrabawa kaɗai ba, amma shi ke karɓar kuɗi, don haka shi doka ke kamawa.

Lokacin da aka fi buƙatar wutar kuma shi ne lokacin da ta fi wahalar samu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, fanka da firji ba sa hutawa, taransifomomi su yi ta ƙonewa, ruwan madatsun da ke ba da wuta kuma ya ja baya.

Sai ƙarfin aljihu. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2022 ya sa Sakkwato a sahun farko wajen talauci mai fuskoki da yawa, da kimanin kashi 91 na jama'arta. Farashin da zai yiwu a Ikeja ba lalle ya yiwu a Wurno ko Gwadabawa ba. Shi kansa kamfanin da ke kula da yankin yana cikin masu rauni. A Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwarsa ta naɗa ta riƙo, saboda bashin kimanin naira biliyan 110, kuma asararsa na cikin mafi girma a ƙasar. Kamfani mai irin wannan hali ba ya samun rance cikin sauƙi don sayen mita da taransifoma. Wannan ne ya sa ya zama al'ada 'yan unguwa su yi karo-karo su gyara taransifoma ko su sayi waya, duk da cewa ƙa'idar hukuma ta ce wannan nauyin kamfani ne.

A kasuwa, tasirin ya rabu biyu. Mai walda, mai injin casar shinkafa, mai ruwan leda ko mai ƙanƙara da wuta ke zuwar masa awa 20 da gaske, naira 209 ta fi masa sauƙi a kan fetur ko dizal. Wanda ake caja a farashin A amma wutar ba ta cika ba, shi ke biya sau biyu, ya sayi kati mai tsada ya kuma sayi mai. Ko ta wace hanya aka bi, ƙarin kan gangaro kan mai sayen ƙanƙara da azumi da mai kai markaɗe, har da wanda gidansa ba a taɓa ja masa wuta ba.

Mita kafin farashi

Duk wannan muhawara ta naira nawa yunit tana da ma'ana ne ga wanda ake auna abin da ya sha. Kusan rabin masu rajistar wuta a Najeriya ba su da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo musu. Ga irin wannan mutum, ko an rage farashi ana iya ƙara masa yawan yunit a takarda. A Fabrairun 2020 hukuma ta sa wa ƙiyasi iyaka, ta yadda ba za a caji marar mita fiye da abin da aka ƙayyade wa layinsa ba, bisa la'akari da abin da masu mita a wannan layi ke sha. Kamfanoni ba su bi ba. A Fabrairun 2024 ta zaftare wa dukkansu goma sha ɗaya jimillar naira biliyan 10.5, ta kuma umarce su su mayar wa mutane rarar da suka caje su tsakanin Janairu da Satumban 2023.

An gwada hanyoyi biyu na raba mita. A ƙarƙashin shirin 2018 mutum ke biya, kamfani ya riƙa mayar masa da kuɗinsa a hankali ta hanyar yunit. Shirin 2020 da Babban Banki ya ba da rancensa kuwa kyauta ne ga mai gida. Dukansu ba su rufe gibin ba, kuma faɗuwar naira ta ƙara wa mitar kanta tsada.

Idan jiha ta karɓi ragamar

Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da sabuwar dokar lantarki da aka sa wa hannu a watan Yunin wannan shekara sun ba jihohi damar kafa hukumominsu su karɓi kula da kasuwar wutar cikin gida daga hannun NERC. Enugu da Ondo da Ekiti na cikin waɗanda suka fara, Legas da wasu suka biyo baya. A watan Yulin 2025 hukumar Enugu ta sanar da rage farashin rukunin A zuwa naira 160. Masu tashoshin wuta da kamfanoni suka yi ca, NERC kuma ta ce jiha ba ta da ikon rage kuɗin samar da wuta da dakonta a layin ƙasa, sai idan za ta cike gibin daga aljihunta.

Darasin ya shafi Sakkwato kai tsaye. Hukumar jiha za ta fi kusa da mai ƙorafi, za ta iya ba da lasisin ƙananan tashoshin sola ga kasuwanni da ƙauyuka, abin da jihar ke da isasshen hasken rana da zai ɗauke shi. Amma kuɗin gas da canjin dala ba su hannunta, kuma duk sauƙin da ta yi alkawari sai ta nemo inda za ta biya shi. Tana kuma buƙatar injiniyoyi da akantoci da za su iya tantance lissafin kamfani, da 'yancin da zai hana a mayar da farashi abin kamfe.

Hanyar kai ƙara

Dokokin kare masu amfani da wuta na 2023 sun ba mutum haƙƙin a ba shi sanarwa a rubuce kafin a yanke masa wuta saboda bashi, da haƙƙin ƙalubalantar bil, da haƙƙin a mayar masa da abin da aka caje shi ba bisa ƙa'ida ba. Matakin farko shi ne rubuta ƙorafi ga sashen karɓar koke na kamfani, a riƙe kwafi mai hatimi. Idan kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, sai a kai ofishin sauraron koke na NERC da ke kula da jiha, daga nan kuma a ɗaukaka zuwa hedikwatar hukumar a Abuja. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma tana karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe.

Rasit ɗin kati ko takardar bil kan nuna rukunin da aka sa mutum da farashin yunit, ban da harajin kashi 7.5 da ake ɗorawa. Tunda layi ake sa wa rukuni ba gida ba, koken da 'yan unguwa suka haɗa suka sa wa hannu ya fi na mutum ɗaya ƙarfi, musamman idan sun rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke a kowace rana, na tsawon kwana bakwai ko fiye.